FITILUN KAN TITI A YOLA DA JIMETA: DASAWA BA WUYA, RIƘO SHI NE AIKI

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan ƙungiyarmu, wanda ya daɗe yana aikin lantarki kafin ya yi ritaya, ya gabatar a zamanmu da ya gabata a Jimeta. Mun kawo shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyara kaɗan, saboda 'yan'uwa da ba su sami damar halarta ba.





Da sakatare ya same ni a gida ya ce ana so in yi magana a kan fitilun kan titi, sai da na yi dariya. Na ce masa ni ai na ajiye filaya da sukundireba tuni. Ya ce ai shi ya sa aka zaɓe ni, tunda ba ni da kwangilar da nake nema, kuma ba ni da kayan da nake tallatawa. To, tunda haka ne, zan faɗi abin da na sani, in na yi kuskure masana da ke cikinmu sai su gyara mini.

Kafin in zo nan na yi wani ɗan aiki, wanda nake so kowa ya je ya gwada. Na fita bayan sallar isha'i na bi layinmu da ƙafa ina duban turakun fitila ɗaya bayan ɗaya. Na sake fita da asuba na kuma dubawa. Abin da na gani shi ne, wasu suna ci da isha'i amma kafin asuba sun mutu. Wasu suna ƙifta ido kamar mai ciwon ido. Wasu kuwa turken ne kawai a tsaye, babu faranti, babu batir. Kuma dukkansu ba su fi 'yan shekaru da dasawa ba, na tuna ranar da aka kawo su, yara suna ta murna. Tambayar da na zo da ita yau ke nan: me ya sa fitilar da ya kamata ta yi shekaru tana aiki take mutuwa da wuri a garin nan, kuma me za mu iya yi?

ABIN DA DUHU KE CI MANA

Jama'a, mu mutanen kasuwa ne. Tun bayan da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841 fatakenmu ke shigowa ƙasar nan, har ga unguwa guda a cikin Yola da ake kira Wuro Hausa. A Jimeta kuwa, ka bi Limawa, Alkalawa, Gwadabawa, Luggere, Dubeli, Nassarawo, Rumde har Jambutu, da wuya ka wuce layi ba ka ga ɗan'uwa da teburinsa ba.

Kuma duk wanda ya san zafin Yola a watan Maris da Afirilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, ya san cewa rabin cinikinmu sai rana ta faɗi ake yin sa. Mai shayi, mai tsire, mai ƙosai da kunu, mai kankana, mai cajin waya, mai gyaran keke Napep, duk kasuwarsu ta dare ce. Idan layi yana da haske, mai tebur zai kai ƙarfe goma sha ɗaya yana ciniki. Idan babu, da isha'i zai naɗe tabarmarsa, ko kuma ya tayar da ɗan janareta, man da zai sha ya cinye ribar.

Sai maganar tsaro. Babu wanda ke cikin ɗakin nan da bai san 'yan Shila ba, in ba a ƙwace maka waya ba, to an ƙwace wa ɗanka ko maƙwabcinka. Ba na ce fitila za ta kama ɓarawo ba, fitila ba 'yar sanda ba ce. Amma mugu ba ya son a ga fuskarsa. A birnin Niyok na Amurka, a shekarar 2016, an yi wani gwaji a unguwannin gidajen gwamnati, aka ƙara wa wasu haske mai yawa da dare, aka bar wasu yadda suke, sannan aka kwatanta. Aka tarar manyan laifuffukan da ake yi a waje da dare sun ragu da kimanin kashi 36 cikin 100 a inda aka sa hasken. Ƙasarsu daban, tamu daban, amma halin ɓarawo ɗaya ne.

Ban da wannan, akwai tsohon da zai tafi masallaci da asuba ya faɗa kwata, da matar da naƙuda ta kama cikin dare ana neman abin hawa, da kunama da maciji a lokacin damina. Duk wannan kuɗin duhu ne, kuma mu ke biya.

INDA MUKA FITO

Dattawan da ke nan sun tuna zamanin aci-balbal da fitilar ƙwai. Daga baya aka sami fitilun Nepa a manyan hanyoyi, musamman bayan da Yola ta zama babban birnin Jihar Gongola a 1976, kafin a raba ta a sami Adamawa a 1991. Kun tuna da fitilun nan masu haske ruwan lemo. Suna da kyau, amma suna da ci. Kowace ɗaya takan sha wat 250, wata ma 400.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Daren Yola awa 12 ne, kusan kullum, daga wajen ƙarfe shida zuwa shida. Fitila mai wat 250 in ta kwana tana ci ta sha yunit 3 ke nan. A watan Afirilu na 2024 an ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, to mu ƙaddara naira 200 don sauƙin lissafi. Naira 600 ke nan a dare guda, naira 219,000 a shekara, a turke ɗaya tak. In gari yana da turke 1,000, naira miliyan 219 ke nan a shekara, ba a yi maganar canjin ƙwai da waya da taransifoma ba. Wannan fa in akwai wutar ke nan.

Da wutar ta ƙi zama, garuruwa da yawa a ƙasar nan suka koma haɗa fitilun titi da manyan janareta masu shan gas. Kowa ya san ƙarshen wannan, kuɗin mai ya fi ƙarfin kowa. Sannan ga abin da ya same mu a watan Afirilu na 2024, da ɓata-gari suka kayar da manyan turakun layin Jos zuwa Gombe, wanda ta nan wutarmu ke biyowa. Makonni muka yi babu wuta, mu da Gombe da Jalingo. A watan Oktoba na wannan shekarar kuma matsalar manyan layuka ta sake jefa yawancin Arewa cikin duhu na kwanaki. A waɗannan darare, duk hasken da ka gani a titi, to na sola ne ko na janareta. Mu muna can ƙarshen layi ne, duk abin da ya sami waya a Bauchi ko Gombe a kanmu yake ƙarewa. Shi ya sa nake ganin fitilar da ke samar da wutarta da kanta ta fi dacewa da mu.

Abu biyu ne suka sa sola ta zama abin da talaka zai iya tunani. Na farko, ƙwan LED, wanda ke ba da hasken tsohuwar fitila da ƙasa da rabin wutar da take sha. Mutum uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, an ba su kyautar Nobel a 2014 saboda aikinsu a kan wannan ƙwai. Birnin Los Anjalas ya canja fitilu kimanin 140,000 zuwa LED tsakanin 2009 da 2013, wutar da suke sha ta ragu da fiye da kashi 60 cikin 100. Indiya ta fara nata shirin a 2015, ta canja fiye da miliyan 10. Na biyu, farashin farantin sola a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Rana kuwa, ba sai na gaya wa mutumin Yola cewa muna da ita ba.

YADDA FITILAR SOLA TAKE

Fitilar sola kamar gidan ɗan kasuwa take, kuma abu huɗu ne a cikinta. Faranti shi ne mai fita nema da rana. Batir shi ne rumbu. Ƙwai shi ne iyali masu ci da dare. Sai wata 'yar na'ura da muke kira kwanturola, ita ce uwargida mai awo, ita ke hana a cika batir fiye da kima, ita ke hana a ƙwaƙule shi ƙarƙaf, ita ke kunnawa da magariba ta kashe da safe. Duk gidan da ci ya fi samu, kun san ƙarshensa. Fitilar da ke mutuwa ƙarfe ɗaya na dare, wannan ita ce cutarta.

Ga lissafin, matasa ku rubuta. Ƙwai mai wat 40 ya isa layin unguwa. In zai ci awa 12, to 40 sau 12, yana bukatar 480 a dare. A nan Yola, in ka tattara ƙarfin ranar yini guda, yakan kai kamar awa 5 na cikakkiyar rana, wani lokaci fiye. Amma ba duk abin da faranti ya samo ke shiga rumbu ba, zafi da ƙura da waya suna cin wajen kashi 30 cikin 100. Saboda haka faranti mai wat 150 ake bukata, don 150 sau 5 ya ba da 750, in ka cire asara ya rage 525. Kun ga ya rufe 480 har da ɗan canji. Batir kuma ya zama mai iya riƙe abincin dare biyu zuwa uku, saboda watan Agusta da hadari kan rufe sama kwana da kwanaki.

Yanzu ga inda ake cutar mu. Ka shiga kasuwa za ka ga fitila a kwali an rubuta wat 300, wata ma 1,000, farantinta kuwa bai fi girman tiren shayi ba. Jama'a, faranti mai kyau wanda tsawonsa mita ɗaya, faɗinsa mita ɗaya, abin da yake bayarwa wajen wat 200 ne. To mai girman tire fa? Da ƙyar ya kai wat 30. Duk abin da zai tara a yini ba zai riƙe ƙwai mai wat 300 na gaskiya ko da awa ɗaya ba. Rubutun kwali daban, abin da ke ciki daban. Irin wannan fitila za ta iya haska tsakar gida ko ƙofar shago, ba laifi. Amma a ɗora ta a kan titi a ce an yi wa al'umma aiki, wannan yaudara ce. Hausawa sun ce araha ba ta ado. In za ka sayi fitila, kada ka tsaya kan lambar da ke jikin kwali, dubi girman farantin, ka tambayi girman batirin.

MAƘIYAN FITILA A GARIN NAN

Fitilar da aka ƙera don ƙasar sanyi, in aka kawo ta Yola ba tare da tunani ba, ba za ta yi ƙarko ba. Maƙiyanta a nan huɗu ne.

Na farko zafi. Mutane suna zaton yawan zafi shi ne yawan caji. A'a, haske faranti yake so, zafi rage masa ƙarfi yake yi. Amma wanda zafi ya fi yi wa illa shi ne batir. Batir irin na da, ɗan'uwan na mota, an auna rayuwarsa ne a kan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansa biyu. To ku ƙaddara an kulle shi a akwatin ƙarfe, an rataye a rana a watan Afirilu. Ai gasa shi ake yi. Shi ya sa za ka ga shekara ɗaya ko biyu ya gama. Wanda ya fi jure mana shi ne batirin litiyam irin wanda za ku ga an rubuta LiFePO4 a jikinsa. In na gaske ne yakan yi caji da saukewa fiye da sau 2,000, wato sama da shekara biyar a lissafin dare ɗaya sau ɗaya.

A nan ina so ku riƙe wani abu. Faranti mai kyau yakan yi shekara 20 zuwa 25. Ƙwan LED mai kyau yakan yi awa 50,000, wato wajen shekara 11. Turke in an shafe shi da maganin tsatsa sai ya ga jikoki. Batir ne mai gajeren kwana. Saboda haka yawancin fitilun da muke cewa sun mutu, ba su mutu ba, batir ne kawai ya gaji. Jaki ne lafiyayye aka yar saboda igiyarsa ta tsinke.

Na biyu ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busawa, hazo ya rage hasken rana, ƙura kuma ta kwanta a kan faranti kamar an yi masa lulluɓi. Babu ruwan sama da zai wanke sai watan huɗu ko biyar. Maganin wannan ba ya bukatar injiniya. Doguwar gora, tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin farantin ya yi zafi, sau ɗaya a mako biyu. Kuma wajen dasawa, kada a kwantar da faranti shimfiɗe. A ɗan karkata shi kamar digiri 10 zuwa 15 yana kallon kudu, wato in ka fuskanci gabas, hannunka na dama. Haka zai fi samun rana, ruwan sama kuma ya wanke shi da kansa. Sannan a dubi inuwa. Na ga an dasa fitila a ƙarƙashin darbejiya, ana mamaki wai ba ta ci.

Na uku ruwa da iska. Muna zaune ne a bakin Binuwai. Mun ga ambaliyar 2012 da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, mun ga ta 2022, mun kuma ga abin da ya sami 'yan'uwanmu na Shagari da Yolde Pate da Sabon Fegi a watan Yuli na 2025, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Duk fitilar da aka binne batirinta a ƙasa ko aka ajiye shi a gindin turke a irin waɗannan unguwanni, ruwa guda ya ishe ta. Batir a sama ya kamata ya zauna. Iskar farkon damina kuma ba ta wasa, faranti a kan turke kamar laima yake a hannun yaro. In gindin bai sami rami mai zurfi da kankare na ƙwarai ba, za a wayi gari a gan shi a kwance, Allah ya sa ba a kan mutum ba.

Na huɗu, kuma wanda ya fi ciwo, ɓarawo. A da wayar jan ƙarfe ake haƙewa, yanzu batir da faranti ake kwancewa. Akwai dabaru, a ɗaga komai sama, a yi walda a kan noti, a rubuta sunan unguwa da fenti a bayan faranti. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ɓarawon batir ba a kogi yake jefa shi ba, sayar da shi yake yi. Wa ke saye? Muna da 'yan'uwa a harkar gwangwan da ta kayan sola, wasu suna cikin ɗakin nan. Ina roƙon shugabanninsu da girman Allah, duk yaron da ya kawo batir ko faranti babu rasit, kada a karɓa. Ranar da aka rasa mai saye, ranar za a daina hawa turke.

FITILA MAI WAYO

Yanzu ana ta maganar fitila mai wayo, wasu suna zaton wani abu ne na Turai da ya fi ƙarfinmu. Wayon nan mataki-mataki ne, kuma na farkon kusan kyauta ne.

Ku dubi layinku. Daga magariba zuwa ƙarfe goma sha ɗaya akwai jama'a. Daga nan zuwa asuba sai mage da mai gadi. Me zai sa fitila ta yi ta ci da cikakken ƙarfi? Ana iya saita kwanturola ta ba da cikakken haske awa 5 na farko, sauran awa 7 ta sauko zuwa kashi 30 cikin 100. Mu koma ga lissafinmu: 40 sau 5 ya ba da 200, sannan 12 sau 7 ya ba da 84, jimla 284 a maimakon 480. Kun ga faranti mai wat 100 ya wadatar, batir ma ƙarami ya isa, kuɗi ya ragu, fitila kuma ta kai safe. A layin masallaci ko tasha ana iya saita ta ta sake ɗagowa kafin asuba.

Mataki na biyu, akwai mai ido, wadda ke zaune da ɗan haske, in ta ji motsin mutum ko abin hawa sai ta buɗe gaba ɗaya. Wannan ta dace da lungu. Ba ta dace da babbar hanya irin Titin Numan ko Titin Galadima Aminu ko kan gadar Jimeta ba, inda direba ke bukatar haske ɗaya miƙaƙƙe. Mataki na uku, akwai wadda ake sa wa layin waya, tana aika saƙo ofis cewa batirinta ya yi rauni ko an taɓa ta. Abu ne mai kyau ga manyan hanyoyi da gadojin sama da aka gina mana a Jimeta a 'yan shekarun nan. Amma fa saƙon ba shi da amfani in babu mai karantawa, babu mota da tsani, babu batir a sito. A unguwa, lamba a jikin turke da lambar wayar mai gyara sun fi wannan amfani.

Akwai wayon da ba na na'ura ba kuma. Tazarar turke da turke kada ta wuce tsawon turken sau uku zuwa huɗu. Turke mai mita 6, a ba shi mita 20 zuwa 24. In aka nisanta su don a ce an rufe dogon titi da fitila kaɗan, sai ka sami haske, duhu, haske, duhu, ido ya kasa sabawa, mugu kuma ya sami maɓoya a tsakani. Hasken ya kalli ƙasa, ba sama ba, ba tagar mutane ba. Kuma a nemi haske mai ɗan ja-ja, wanda za ku ga an rubuta 3000K, a maimakon fari fat mai shuɗi-shuɗi. Farin yana kashe ido, kuma ya fi tara ƙwari. Duk mai sayar da abinci a kusa da kogi da damina ya san abin da nake nufi.

Sannan a ina za a dasa? Mun saba gani, in fitila biyar ta zo unguwa, uku suna ƙofar gidan mai faɗa-a-ji. A fara da mahaɗar hanya, bakin kasuwa, asibiti, rijiyar burtsatse, bakin kwalbati, makaranta, wuraren ibada, da lungun da aka san ana tare mutane. A tambayi mata da 'yan sintiri da masu keke Napep, su suka san inda duhu ke cizo.

ALHAKIN WA NE?

Da yawanmu ba su san wannan ba. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci gina fitilun kan titi da kula da su ƙarara, tare da hanyoyi da magudanun ruwa. Wato mu na Jimeta muna da ƙofar da za mu buga a Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, na cikin gari kuma a Yola ta Kudu, ta hannun kansilolinmu. Kuma a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka in mun je tambaya, ba bara muka je ba.

Sai dai a aikace fitilun unguwa daga wurare da yawa suke zuwa. Wata ta jiha ce, wata ɗan majalisa ya kawo a aikin mazaɓa, wata ƙungiyar agaji, wata wani bawan Allah ya sa sadaka. Duk mun gode. Matsalar ita ce, ranar da aka ɗauki hoto aka watse, fitilar ta zama marainiya. Wanda ya kawo ya ce ya gama nasa, ƙaramar hukuma ta ce ba ta cikin littafinta, mu kuma mu ce kayan gwamnati ne. Haka za ta tsaya har ta mutu. Wani ɗan takara ya zo ya dasa sabuwa kusa da gawar tsohuwar.

Saboda haka duk wanda ya zo zai dasa mana fitila, mu tarbe shi da hannu biyu, sannan cikin ladabi mu yi masa tambaya biyar. Wat nawa ne farantin, kuma wat nawa ne ƙwan na gaskiya? Wane irin batir ne, kuma dare nawa zai riƙe in babu rana? Garanti na shekara nawa ne, kuma yana rubuce? In ta lalace wa za mu kira, yana garin nan ko sai an nemo shi daga Legas? In batir ya gaji, wa zai sayi sabo? Wanda ya zo da gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

SHAWARATA GA ƘUNGIYA

Mai girma shugaba, zan rufe da shawara huɗu, in an ga sun dace a sa su a cikin abin da za a tattauna.

Ta farko, a yi ƙidaya. Kowace unguwa a sami matasa biyu su bi turaku da fenti su sa musu lamba, su duba da isha'i, su sake dubawa da asuba, su rubuta mai ci, mai rabin dare, da matacciya. In muka tara wannan a takarda muka kai wa jauro da kansila da ciyaman, maganarmu ta fi ƙarfin a ce mun zo muna kuka kawai.

Ta biyu, kowane turke ya sami uba. Gidan da ya fi kusa ko mai shagon da ke cin moriyarsa, shi zai sa ido, shi zai tabbatar an share farantin, shi zai kai rahoto.

Ta uku, adashin batir. A ce layi yana da gida 20, kowane gida ya ba da naira 500 a wata, naira 10,000 ke nan a wata, 120,000 a shekara. Kafin batir ya gaji an tara abin da za a taɓa. A ba amintattu biyu riƙo, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Da yawanmu abin da muke kashewa a batirin tocila da cajin fitila a wata ya fi haka.

Ta huɗu, a koya wa yaranmu gyara. Muna da Jami'ar Modibbo Adama, muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, muna da masu aikin sola a cikin kasuwa da suka ƙware. Ƙungiya ta zaɓi yara ko da biyar ne ta tura su koyo, ta saya musu tsani da mita. Yaron da yake samun na abinci daga gyaran fitila ba zai bari a kwance ta ba. Tsohon batir kuma kada a jefa a bola ko a bar yara su fasa, akwai guba a ciki, a mayar wa masu sayarwa.

Ni dai tsufa ya hana ni hawa tsani, amma idona da bakina suna nan. Duk unguwar da ta shirya fara ƙidaya, a aiko mini, zan zo in zauna da yaran in nuna musu abin da za su duba, ba na bukatar ko kwabo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

 In akwai tambaya ina nan. Allah ya ba mu zaman lafiya a Adamawa da ƙasa baki ɗaya, ya mai da kowa gidansa lafiya.